Ranar da Inna Ta Ce Ba Ɗanta Ba Ne

Ko da duk sauran ranakun da na yi a aikin jinya za su ɓace mini, ban ga ta yadda zan manta da ranar da wata tsohuwa ta kusa sa a kori ɗanta daga aiki ba, kuma da kalma ɗaya tak. Ku da kuka iso Doha kwanan nan kuna cewa na cika mita a kan yadda ake yi wa tsofaffinmu tambaya. To ku gyara zama ku ji inda mitar ta samo asali.

A farkon shekarar da aka yi gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a nan ne. Korona ta lafa amma ba ta sake mu ba. Takunkumi a fuska tun daga bakin ƙofa, a auna zafin goshinka, ka nuna wayarka a ga lafiyarka lau kafin ka shiga. Gari kuwa ko'ina haƙa, ko'ina gini, hanyar da na bi jiya daga Al Muntazah sai in tarar yau an toshe ta. Ina aikin nas a wani asibitin ido mai zaman kansa a Al-Sadd, a sashen da ake shirya marasa lafiya kafin a shiga da su tiyata. Ni kaɗai ce mai jin Hausa a gidan, don haka duk wanda ya shigo daga Najeriya ko Nijar ko Zangon Gana, ko ciwon ido ya kawo shi ko hanyar banɗaki yake nema, abin da za ka ji shi ne, "A kira Sista Rakiya."

Bari in yi muku bayanin ƙa'idar lokacin, don a kanta komai ya rataya. Saboda korona, mai jinya ɗaya tak ake bari ya zauna da mara lafiya, kuma sai miji ko mata, ko ɗa, ko mahaifi. Sannan kamfanoni da dama suna saka iyayen manyan ma'aikatansu a cikin inshorar lafiya. To kafin a karɓi mara lafiya, shugabar nas-nas takan tambaye shi da bakinsa: wannan da ke tare da kai wane ne? In amsar ta saɓa da abin da ke takarda, dole ta buɗe rahoto a kwamfuta. In ba a rufe rahoton kafin masu aikin safe su tashi ba, da kansa yake wucewa ofishin inshora, daga can kuma sai kamfanin mutum. A ƙasar nan kun san ma'anar a ce ma'aikaci ya kawo wata ya ce uwarsa ce don ta ci inshora. Ha'inci ke nan, kuma kafil, wato wanda ya ɗauko ka aiki, ba ya dogon bincike a kan irin wannan.

Shugabarmu a lokacin Sista Mariyamma ce, mutuniyar Kerala a kudancin Indiya. Ba ta kai kafaɗata ba, amma in ta yi gyaran murya har likitoci sai sun gyara tsayuwa. Mace ce mai kirki, sai dai a wurinta ƙa'ida ƙa'ida ce, ko uwarta ce a kan gadon.

Ranar ina ɗiga wa wani dattijo magani a ido aka ce in zo maza. Na tarar da wani dogon mutum tsaye da rigar aikin gini mai ƙyalli a kafaɗa, zufa na keto masa duk da sanyin na'ura. A kan gado ga wata tsohuwa siririya, fara, ta ja mayafi ta juya fuska wajen bango. Sista Mariyamma na riƙe da ƙugu.

Ta ce da ni da Turanci, "Takarda ta ce uwarsa ce. Na tambaye ta da ɗan Larabcina, wannan ɗanki ne? Ta ce la, wato a'a. Na sake tambaya, ta ce la, la, har da kaɗa hannu. Na buɗe rahoto."

Na matsa kusa da gadon na rusuna. "Inna, sannu da jiki. Daga ina aka zo mana?"

Jin Hausa sai ta juyo da sauri, ta lalubo hannuna ta riƙe, don yana ta rufe mata ido biyun, sai dishi-dishi take gani. "Alhamdu lillahi, ga mutum! Daga Dukku, 'yar nan. Tun safe suke ta yi mini gwalangwalan."

Na ce, "Wannan da ya kawo ki fa, Inna?"

Ta sake kawar da kai. "Wannan? Yaron gidanmu ne. Ɗan mutane ne."

Na dubi hancin tsohuwa, na dubi na mutumin inda takunkumi ya ɗan zame. Wallahi ko makaho ya shafa ya san gida ɗaya suka fito. Na ce, "Ranka ya daɗe, kai ne na fari?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Sista."

Dariya ta ƙwace mini har sai da na dafa ƙarfen gado. Sista Mariyamma ta harare ni ta saman tabarau, na shiga taitayina na fara bayani. Ku 'yan zamani da kuke ɗora hoton ɗan farinku a waya tun ranar suna, wataƙila ku ma sai an yi muku bayanin. A wurin iyayenmu, musamman waɗanda suka tashi a gidan Fulani, ɗan fari abin kunya ne. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, sau da yawa ma kaka ce ke raino. In aka tambaye ta a bainar jama'a sai ta ce ba nata ba ne, kowa kuma ya san abin da take nufi, ba mai cewa ta yi ƙarya. Tawa uwar har ta koma ga Allah "wancan mai babban kan" take ce wa Yayanmu.

Sista Mariyamma ta saurare ni har na gama. Ta ce, "Na yarda da ke, Rakiya. Amma kwamfuta ba ta san ki ba. Daga bakinta ƙin ya fito, daga bakinta gyaran zai fito, a gaban likita. Ke tafinta ce kawai."

Mutumin, Injiniya Hamidu, yana cikin masu aikin sanyaya ɗaya daga filayen wasan da ake ta rige-rigen gamawa, iyalinsa na Al Aziziya, 'ya'yansa na makaranta a nan. Ya ja ni gefe ya ce, "Sista, don Allah kada ki gaya mata maganar aikina. Tana da hawan jini. In hankalinta ya tashi za a fasa tiyatar, kuma da ƙyar na shawo kanta ta hau jirgi."

Na ce ya ba mu wuri, ai in ba ya kusa abin zai zo da sauƙi. Haka na ɗauka. Na zauna a bakin gado na yi ta lallami. Na ce Inna, daga ni sai ke sai likita, kalma ɗaya ce, ki ce e, shi ke nan.

Ta ce, "'Yar nan, ke ba Bahaushiya ba ce? Wa ya raine ki?"

Na ce, "Kakata, a Zariya."

"To Allah ya ji ƙanta, amma ba ta gama aikinta ba. Abin da bakina bai faɗa ba ina da ƙuruciya, yanzu da furfura zan faɗa wa Indiyawa? Su duba takardarsu mana, ba sun iya karatu ba?"

Na fito ina huci na nufi ɗakin shan shayi, inda na tarar da Sista Mariyamma tana ba likitan da zai yi aikin labari. Dakta Basu ke nan, mutumin Bengal, ƙwararre a cire yanar ido, amma Allah ya zuba masa son zance. Mahaifinsa malamin Sanskrit ne, tsohon harshen da yawancin harsunan Indiya suka sha nononsa, kamar yadda Hausa ta sha na Larabci a wajen kalmomin addini da shari'a. Don haka komai ya faru sai ya nemo masa kalma.

Ya ajiye kofin shayinsa na karak ya ce, "Apalapa! Abin da tsohuwar nan ta yi ke nan. A Sanskrit, mutum ya san abu sarai ya ce bai sani ba, ya musanta, ya ɓoye. A Bengali in muka ce an yi wa gaskiya apalap, to an murɗe ta. Matata 'yar Marathi ce, su a wurinsu ɓoye gaskiya ne, kuma kusan kullum da shi take tuhumata. Masu Hindi kuwa har surutun banza sukan kira da shi."

Sista Mariyamma ta ce, "To su Hindi sun san ka. Mu a harshenmu na Malayalam ba haka ba ne. In aka ce apalapikkuka, tofin Allah tsine ne, irin wanda 'yan siyasa ke yi a jarida in wani abu ya faru."

Ya ce, "Kin ga ku kun lalata ta, kun mai da ta faɗa."

Ta ce, "Ku kuka mai da ta ƙarya."

Suka kaure da musu kamar ba su ne ke da mara lafiya a kwance ba. Dakta Basu ya ce ai tsofaffin malamai sun rubuta wa kalmar wasu ma'anoni da yanzu ba a amfani da su: ƙauna, sannan masu maganin gargajiyarsu suna kiran wani wuri tsakanin kafaɗa da haƙarƙari da wannan sunan. Har ya ɗaga hannu yana nuna mana wurin a jikinsa. Ni kuwa idona na kan agogon bango.

Na ce, "Dakta, Allah ya ƙara ilimi. Amma ko ma'ana ɗari ke gare ta ba za ta rufe rahoton nan ba."

Ya yi dariya ya ce gaskiyata. Sai ya ce ai shi ma kakarsa har ta mutu ba ta taɓa furta sunan mijinta ba. In ma'aikatan gwamnati suka zo ƙidaya, sai a yi ta jero sunaye, wanda aka ambata ta rufe fuska, to shi ne. Sista Mariyamma ta ce a ƙauyensu ma tsofaffi "baban wane" suke cewa. Ashe abin ba baƙo ba ne a wurinsu, kawai ba su taɓa jin an yi wa ɗa ba. Nan muka ƙulla dabara: tunda ba za ta shiga ta ƙofa ba, mu bi da ita ta taga. Sista Mariyamma ta yarda cewa in amsoshin suka haɗu suka ba da ma'ana ɗaya, za ta karɓa.

Na tambayi Injiniya sunan ƙanwarsa, muka koma mu uku, ni da Sista Mariyamma da Dakta Basu. Na ce, "Inna, likita na tambaya saboda tarihin lafiya. Zainabu wa ya haife ta?"

"Ni mana. Autata ce, tana aure a Gombe."

"Masha Allah. To ita Zainabu da wannan da ya kawo ki, uwarsu ɗaya?"

Sai na ga kafaɗun tsohuwa na rawa, ashe dariya take. "Kai, 'yar nan akwai wayo! Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela ke da farinta. Je ki tambayi Zainabun."

Da na fassara, Dakta Basu ya yi dariya har da buga ƙafa. Ni ban ga abin dariya ba, don lokacin tashin masu aikin safe ya matso. Na fita na sami Injiniya a baranda na ce masa zaɓi biyu ya rage: ko in gaya mata gaskiyar abin da ke tafe, ko rahoto ya wuce.

Ya ce, "A bar shi ya wuce, Sista. Zan je in yi wa kamfani bayani, in sun ji to, in ba su ji ba Allah na nan. A dai yi mata aikin. Ba zan sa a matsa mata ta faɗi abin da take jin nauyinsa ba."

Raina ya ɓaci, kun dai san ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, ita tana ɓoye ka, kai kana ɓoye mata, ku duka gidanku ɓoyo ne? In aka sallame ka aka ce ka tattara yara a tsakiyar zangon karatu, wa zai gaya mata dalili? Ka ɗauka ba za ta ji ba? Ranar da ta ji cewa bakinta ne ya jawo, wane hawan jini ne bai hau ba?" Na ce ya sauka ƙasa ya sayo mana shayi, ya bar mu da aikinmu.

Ban yi gaban kaina ba. Na gaya wa Dakta Basu, ya sa aka sake auna jininta, ya ga da dama-dama, ya ce mara lafiya na da haƙƙin sanin abin da ya shafe ta, in faɗa mata amma a hankali. Muka ja labule muka kewaye gadon. Na riƙe hannunta na ce, "Inna, ba wasa ya sa muke ta tambayar nan ba. Kamfanin da yake wa aiki ne ke ɗaukar nauyin maganinki, don ya ce musu ke mahaifiyarsa ce. Yanzu an rubuta kin ce ba haka ba ne. In maganar ta isa wurinsu, za su ce ya yi musu ƙarya, su kore shi."

Sai ta fizge hannunta, ta yunƙura ta tashi zaune, mayafi ya zame ba ta ko kula ba.

"Su wa za su kore shi? Ƙarya? Hamidu ne zai yi ƙarya?"

Karo na farko ke nan da na ji sunan ya fito daga bakinta. Ita kuwa ko a jikinta, ta riga ta ɗau zafi.

"Yaron da ko goro aka aike shi saye sai ya dawo da canji a dunƙule a hannu? Ni na haife shi! A ɗakin uwata, tsakiyar damina, rafi ya cika ba mai iya ƙetarewa ya kira ungozoma. Na wuni na kwana a durƙushe, har an fara yi mini salati. Ni na ba shi nono, da ya yi ƙyanda ni na kwana a zaune ina hura masa ido, kakarsa na barci. Ɗana ne, na fari, ban da kamarsa. Ki gaya wa gajeriyar matar nan ta rubuta, in takardarta ta cika ta ƙaro wata!"

Na fassara duka, sai gajeriyar ce kawai na sakaya. Sista Mariyamma ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta buga abin da za ta buga a kwamfuta. Dakta Basu, mai kalma ga kowane abu, wannan karon bai samo ko ɗaya ba, ya sa hannu kawai. Sista ta ce, "Khalas, shi ke nan, an rufe. Yalla, maza a shirya ta."

Na yaye labule zan ɗauko keken da za a tura ta, sai na yi kiciɓis da Injiniya. Yana tsaye dab da labulen, kofin shayi a kowane hannu, takunkuminsa ya jiƙe sharkaf. Babban mutum, mai ma'aikata a ƙarƙashinsa, yana kuka ba sauti kamar yaron da aka hana bin uwarsa kasuwa. Ya girgiza mini kai alamar kada in yi magana. Ya koma da baya a hankali har ƙarshen baranda, ya share fuska, sannan ya dawo yana takawa da ƙarfi yana cewa, "Sista, ga shayin, layi ne ya yi yawa."

Aiki ya yi kyau. Washegari da aka cire bandejin idon farko, tsohuwa ta ƙura mini ido ta ce, "Au, ashe baƙa ce ke? Muryarki ta farare ce." Ta dubi Sista Mariyamma ta ce ashe ma ta fi yadda ta zata gajarta, wannan ma ban fassara ba. Da Injiniya ya matso yana mata sannu, sai ta kawar da kai ta ce da ni, "Ki ce wa wancan ya tafi wurin aikinsa, ya tsaya wa mutane a ka." Komai ya koma yadda yake.

Abin da na ɗauka daga ranar shi ne, a aikin nan ba a tsayawa ga amsar da aka ba ka, sai ka san bakin da ya ba da ita da abin da aka hore shi a kai. Ƙa'idar ba ta yi laifi ba, an kafa ta ne don kare tsofaffi daga masu cin amanarsu, kuma na ga inda ta yi amfani. Tambayar ce aka yi a gaban wanda bai kamata ba, da sigar da ba za ta amsu ba. Tun daga lokacin, in tsohuwa ta zo daga gida, Sista Mariyamma ba ta buɗe baki sai an kira ni, ni kuma sai na fitar da ɗan rakiya, in fara da tambayar 'ya'ya nawa Allah ya ba ta, wane ne babba, a hankali har mu iso inda za mu. Ku ma haka nake so ku riƙa yi.

Ranar da aka sallame ta bayan an yi ido na biyu, ni na tura kekenta zuwa bakin ƙofa, Injiniya ya tafi ɗauko mota. Ta jawo hannuna ta ce ƙasa-ƙasa, "'Yar nan, maganar da na yi rannan, ki bar ta a nan asibitin. Kada in ji ta a Dukku."

Na ce, "Ni ba mai ji a bakina, Inna." Sai tsokana ta motsa mini, na ƙara da cewa, "Amma fa mai maganar ya riga ya ji. Yana bayan labule."

Na zata za ta yi salati ta rufe fuska. Ko gezau ba ta yi ba. Ta gyara mayafinta tana kallon inda motar za ta ɓullo.

Ta ce, "Ke yanzu kike sani? Idona ne ya mutu a lokacin, ba kunnena ba. Tun yana tatata na san takunsa."